Windows na kirak, na lasisi ko Linux: wanne za ka ɗora wa kwamfutarka?

A bazarar da ta wuce ɗan yayata ya same ni gida a Mabera, cikin garin Sakkwato, bayan sallar isha'i, laftof a hammata, ido ya yi jawur. Yana ajin ƙarshe a jami'a, saura mako biyu ya miƙa furojet. Ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, don Allah duba mini, fayilolina duk sun ƙi buɗuwa." Na duba. Kowane fayil an liƙa masa wasu baƙin haruffa huɗu a wutsiya, tun daga babi na ɗaya har hotunan bikin ƙanwarsa, kuma cikin kowace jaka akwai 'yar wasiƙa da Turanci: a biya dala 980, in an gaggauta cikin kwana uku a biya 490. Kwana biyu kafin nan wani mai gyara ya sa masa manhajar lissafin alƙaluma ta kirak, wato wadda aka fasa don a yi aiki da ita ba a biya ba. Ya kashe Defender, wato mai gadin da Windows ke zuwa da shi, don kirak ɗin ya zauna, bai kuma sake kunna shi ba. Babi uku muka tsinto a WhatsApp, inda yaron ya tura wa malaminsa. Na huɗu sai da ya sake rubuta shi daga farko, dare biyar.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne da muka wanke kwamfutar. Muka ɗora Windows tsaftatacce daga shafin Microsoft, tana hawa intanet ta yi wa kanta rajista. Ashe tun daga masana'anta tana ɗauke da lasisinta na halal a cikin bod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta. Shekara uku yaron yana hawa Windows na kirak a kan na'urar da aka riga aka biya wa kuɗin na gaske.

Tun ranar nake son in zauna in jera wa mai shirin sayen kwamfuta, ko mai shirin kai tasa fomatin, hanyoyin da ke gabansa. Yawancinmu ba mu taɓa zaɓa ba. Abin da mai shago ya ɗora shi muke tafiya da shi.

Ma'aunin da zan yi aiki da shi

Abu huɗu ne. Na farko kuɗi, na yau da kuma wanda za ka riƙa biya a gaba. Na biyu ƙarko: shekara nawa za ta kai ana aiko mata facin tsaro, wato gyaran da ke toshe ɓarakar da bairos ke bi, kuma sau nawa za ka koma wurin mai gyara. Na uku sauƙi, kuma a nan ba danna madannai kawai nake nufi ba. Shin firintarka za ta yi aiki, shin takardar da ka tsara za ta buɗe daidai a kwamfutar malaminka ko ta ofis, shin akwai wanda zai taimake ka a cikin garin nan in ta rikice. Na huɗu haɗari: bairos, doka, da kuma abin da ke tsakaninka da Ubangijinka.

Sannan ka raba abu biyu da muke yawan haɗawa. Windows daban, Office daban. Windows shi ne tushen da kwamfuta ke tashi a kai, Office kuwa shi ne Word da Excel da PowerPoint. Kana iya halatta ɗaya ka canza ɗaya. Wannan rabuwar ita ce ke buɗe hanya mafi araha, kamar yadda za mu gani.

Zaɓi na ɗaya: kirak

Shi ne ruwan dare. Ka je kowane layin masu gyara, daga kewayen babbar kasuwa har shagunan da ke bakin makarantu, da 'yan dubunnan naira za a cika maka kwamfuta: Windows, Office, CorelDRAW, Photoshop, har da abin da ba ka nema ba. A fannin kuɗin farko babu mai ja da shi. A fannin sauƙi ma haka, don kowa ya san shi, kowane mai gyara ya iya shi, kowace firinta na da direbansa, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta.

Ƙarkon ne babu. Kirak yaudarar Windows yake yi ya ɗauka an biya, shi ya sa mai gadi ke kama shi, shi ya sa kuma mai gyara ke kashe mai gadin. Da yawa kuma sukan rufe ƙofar sabuntawa gaba ɗaya don kada asiri ya tonu, ko don a tsimi data. Kwamfutar da ba ta karɓar faci gida ne da aka cire wa ƙyaure. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kama kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali Microsoft ta fitar da facin wannan ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ya ci. Irin wanda ya kama ɗan yayata kuwa, dangin da ake kira STOP ko Djvu, babbar hanyar yaɗuwarsa ita ce manhajojin kirak ɗin kansu. Akwai kuma nau'in da ba ya kulle komai, shiru yake yi yana kwashe kalmomin sirrin da ka adana a burauza. Wanda ke shiga asusun banki ko na kasuwanci daga irin wannan na'ura ya yi tunani sau biyu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata dare yana fasa manhaja ya saka ta kyauta a intanet, sau da yawa akwai abin da yake nema a aljihunka.

Ta fuskar doka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke da alhakin zartar da ita. Gaskiya ɗalibi a ɗakinsa ba shi ne abin farauta ba. Mai sayarwa da mai kasuwanci da ita su ne a sahun gaba, kuma duk kamfanin da ke neman kwangila da ƙungiyoyin waje yana iya cin karo da tambayar lasisi.

A nan ne gardama kan yi zafi, kuma ba na raina hujjar masu kare kirak. Sukan ce wanda ya saci akuya ya raba mai ita da akuyarsa, amma wanda ya kwafi manhaja bai rage wa kowa komai ba. Sukan ce farashin an yanka shi ne da aljihun Ba'amurke. Wannan na biyun gaskiya ne tsagwaronta. Gardamar ma ta girmi yawancinmu: tun 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin masu sha'awar kwamfuta da satar manhajarsa. Shi ɗin dai a 1998, yana magana kan ƙasar Sin, ya nuna cewa in dai za a sata to gara a saci tasu, mutane su saba, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗin. Ka lura da wannan. Mai kirak yana ganin ya ci riba a kan kamfani, alhali yana horar da hannunsa da na 'ya'yansa ne a kan kayan kamfanin, har ya zama ba ya iya aiki da wani.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, bai halatta a yi musu ta'addi ba. Akwai malaman da ke da wani ra'ayi, musamman kan kwafin da mutum ya yi don amfanin kansa ba don sayarwa ba. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa. Wani abokina kan ce ai mu Sakkwatawa da kwafi aka san mu, littattafan Shehu da na Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u da hannu aka yi ta kwafarsu daga zaure zuwa zaure ba a biya kowa ba. Haka ne. Amma masu su don a yaɗa suka rubuta, kuma mai kwafi ba ya goge sunan mawallafi. Wannan kyakkyawar al'ada tana da 'yar uwa a duniyar kwamfuta, za mu same ta a zaɓi na huɗu.

Zaɓi na biyu: lasisi na gaskiya

A shafin Microsoft na Amurka, Windows 11 Home dala 139 ne, Pro kuwa kusan 200. Office Home 2024, wanda ake saye sau ɗaya, ya fito a 2024 a kan kusan dala 150. Microsoft 365 na mutum ɗaya kusan dala 100 kowace shekara, in ka daina biya ya daina ba ka damar gyara takardu. Mu lissafa dala a naira 1,500: Windows da Office tare sun haura naira 430,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Sama da albashin wata shida ke nan, a kan manhajar da za a ɗora wa laftof ɗin da wataƙila kuɗinta bai kai haka ba. Ba zan iya duban idon malamin firamare a Gwadabawa ko Bodinga in ce ya yi wannan ba.

Sai dai ga abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Tun daga zamanin Windows 8, manyan kamfanoni suna dasa lambar lasisi a cikin bod ɗin kwamfuta. Laftof na hannu da ke shigo mana daga Legas da Kano, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, yawancinsu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, kuma da dama suna ɗauke da lasisin Pro. In aka sauko da Windows daga shafin Microsoft, wanda saukarwar kyauta ce, aka ɗora nau'in da ya dace da lasisin, da kanta take rajista. Mai gyara yana sa kirak ne don shi ne a filashinsa, kuma ya fi masa sauri. Ka ce masa, "Injiniya, a fara gwada tsaftatacce tukuna." In ya ce ba shi da shi, filash mai gigabait 8 da data kimanin gigabait 6 sun ishe ka ka haɗa naka.

Ƙarko a nan yana da wa'adi. Windows 7 an daina yi masa faci a Janairun 2020. Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, tare da Office 2016 da 2019, sai ɗan ƙarin wa'adin tsaro na shekara guda, zuwa Oktoba 2026, ga wanda ya yi rajistarsa. Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa: RAM gigabait 4, rumbun ajiya gigabait 64, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin Intel zubi na 8 zuwa sama ko takwaransa na AMD. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya bar tulin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu a baya. Duk mai shirin sayen ta hannu ya tambayi zubinta kafin ya tambayi kuɗinta. Ta zubi na 6 ko na 7 tana iya yin kyau a ido, ta yi araha, amma a hukumance hanyarta ta Windows ta ƙare. Akwai dabarun tsallake sharaɗin, Microsoft dai ba ta yi alkawarin ci gaba da kula da irin waɗannan ba.

A sauƙi babu abin cewa, daidai yake da na kirak, har ya fi shi kwanciyar hankali. Aibinsa ɗaya a wurinmu cin data. Ka shiga saitin intanet ka nuna masa cewa layinka na awo ne, zai rage haɗama.

Zaɓi na uku: makullin araha

Za ka ga ana tallan lambar Windows ko Office a 'yan dubunnan naira, ana cewa ta gaske ce. Sau da yawa lambar kan yi aiki. Asalinta ne abin tambaya: galibi daga lasisin jimla na wani kamfani ko makaranta aka tsamo ta, ko wadda aka yi don wata ƙasa, kuma ba a yarda a sayar da ita ɗaiɗai ba. Ta fi kirak ta fuska guda mai muhimmanci, ba sai ka kashe mai gadi ko ka saka baƙuwar manhaja ba. Amma ana iya toshe ta kowane lokaci, ba ka da wurin kai ƙara, kuma rajistar da ta yi ba ta mayar da ita halal a idon doka ba. Mafi muni su ne asusun Microsoft 365 da ake cewa na har abada ne: asusun wata ƙungiya ne da ba ka sani ba, mai kula da shi yana iya ganin abin da ka adana ko ya rufe ka waje. Araha ba ta ado. Ban ba kowa shawarar ya ajiye takardunsa a can ba.

Zaɓi na huɗu: Linux da LibreOffice

Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland ya fara Linux, tushen kwamfuta na kyauta madadin Windows, a 1991, aka haɗa shi da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro a 1983. Lasisinsa, GPL, cewa yake: ka kwafa, ka raba, ka gyara, har ka sayar in ka so, da sharaɗin ka bar sunan masu shi kuma wanda ka ba shi ma ya sami irin 'yancin da ka samu. Wannan ita ce 'yar uwar al'adar zaurukanmu da na ambata. Mai shi ne ya ce a kwafa.

Nau'o'insa da yawa. Biyu suka dace da sabon shiga. Ubuntu, wanda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, yana sakin zubi mai dogon zango duk shekara biyu a watan Afrilu, ana yi masa faci shekara biyar kyauta. Linux Mint an gina shi a kan Ubuntu, kuma fuskarsa ta fi kama da Windows. Zubi na 22 ana kula da shi har 2029. Ni Mint nake ɗora wa mutane. Yana tashi da RAM gigabait 2, ya fi sakewa da 4, kuma ba ruwansa da TPM ko zubin inji. Tsohuwar laftof da fankarta ke kuka a zafin Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, takan sami sassauci da nau'insa mara nauyi mai suna Xfce. In ka ƙara mata SSD a madadin tsohon rumbu mai juyawa, sai ka rantse sabuwa ce.

Kuɗi: babu, sai data kimanin gigabait 3. Yana zuwa da LibreOffice, madadin Office na kyauta wanda aka faro a 2010, da burauzar Firefox, kuma Chrome da Zoom da Telegram da VLC duk suna da na Linux. Haɗarin bairos kaɗan ne ƙwarai, don manhajoji daga rumbu guda amintacce ake ɗauko su, kuma bairos ɗin filash da ke ɓoye fayiloli a shagunan buga takardu ba ya tashi a kansa. Sabuntawa sai lokacin da ka ga dama, ba zai kama ka da ita ana saura minti goma batir ya mutu ba. Yana da madannan Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ, kamar yadda Windows ma ke da su. Masu rubutun ajami kuma akwai haruffan Harmattan da Alkalami na ƙungiyar SIL, kyauta ne, suna aiki a kowane ɓangare.

To ina matsalar? Tana wurin sauƙi, kuma ba ƙarama ba ce. Microsoft Office ba ya hawa Linux, sai na burauza mai buƙatar intanet. LibreOffice yana buɗe fayilolin Word da Excel yana kuma adanawa a tsarinsu, wasiƙa da jarrabawa da lissafin shago duk lafiya lau. Amma takarda mai shafi ɗari da jadawali da lambobin shafi iri biyu tana iya gocewa in ta koma Word, layi ya zame, tebur ya tsallaka shafi. Rabin wannan matsala ta haruffa ce: Times New Roman da Calibri mallakar wasu ne, ba sa zuwa da Linux. Liberation Serif da Carlito an yi su da faɗi ɗaya da waɗancan don shafi ya tsaya yadda yake, kuma in za ka kai bugu ka mayar da takardar PDF, magana ta ƙare. CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP da FreeCAD, suna aiki da gaske, amma wanda ya shekara goma a Corel, kuma masu buga masa bana da katin biki fayil ɗin Corel suke karɓa, kada a yaudare shi cewa sauyin na kwana biyu ne. Firintocin HP galibi da ka soka suke kamawa. Canon LBP 2900, wadda ta cika shagunanmu, sai an sha fama da direbanta. Na'urorin ɗaukar zanen yatsa da manhajojin rajista na hukumomi kuwa mafi yawansu don Windows aka yi su. Batir ma a wasu laftof ya fi daɗewa a Windows.

Sai rashin mai taimako. Na taɓa kai wata laftof mai Mint a canza mata madannai, yaron shagon ya kunna ya dube ni ya ce, "Alhaji, wagga kwamfuta ta lalace, sai an yi mata fomatin." Da ban tsaya a kansa ba da ya wanke ta. Ba laifinsa ba ne, abin da aka koya masa ke nan. Ko manyan hukumomi sun ɗanɗana wannan: birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows, yayin da jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Sabo da manhajoji na musamman su ne ke yanke hukunci, a can da nan.

Wani zai ce ya ji ana cewa Linux ma yana taka haƙƙin wasu. Wannan maganar rajistar ƙirƙira ce, kuma daban take da haƙƙin mallaka. Haƙƙin mallaka yana kare rubutun manhajar ne, kada ka kwafe shi. Rajistar ƙirƙira tana kare dabarar kanta har shekara 20, ko da kai ka zauna ka rubuta taka daga farko. Shi ya sa masu rubuta manhaja da yawa ke ƙin ta, har Majalisar Tarayyar Turai ta yi watsi da ƙudurin doka a kanta a watan Yulin 2005. A 2007 Microsoft ta yi iƙirarin cewa manhajojin kyauta sun taka rajistarta 235. Amma a 2018 ita da kanta ta shiga ƙawancen Open Invention Network, inda mambobi ke alkawarin ba za su kai juna ƙara a kan Linux ba, a 2019 kuma ta buɗe tsarin exFAT da manyan filash da katin memori ke amfani da shi. Rajistar MP3 ta ƙare a 2017. Abin da ya rage maka a aikace ɗan akwati ne da za ka danna lokacin ɗora Mint don bidiyo da sauti su yi aiki. Kada wannan gardama ta shiga lissafinka.

Kuma ba sai ka goge komai ba kafin ka gani. Ana tayar da Mint daga filash a gwada intanet da sauti da firinta, a zare, kwamfuta ta koma yadda take.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kirak | Ladan mai gyara | Rauni, fomatin a kai a kai | Sosai | Babba: bairos, doka |
| Lasisi sabo | Dala 139 zuwa sama, Office daban | Muddin na'urar ta cika sharaɗi | Sosai | Kaɗan |
| Lasisin cikin bod da LibreOffice | Data kawai | Kamar na sama | Sosai, sai ɗan sabo | Kaɗan |
| Makullin araha | 'Yan dubunnai | Babu tabbas | Sosai | Matsakaici |
| Linux Mint | Data kawai | Faci har 2029 | Sai an koya | Kaɗan ƙwarai |

Wanne ya dace da wa

Ɗalibi, ko na jami'ar Danfodiyo ne ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko na foliteknik: in laftof ɗinka zubi na 8 ce zuwa sama, ka nemi lasisin cikin bod, ka ɗora Windows 11 tsaftatacce da LibreOffice. Wannan layi na uku a tebur shi ne zaɓin da na fi so ga mafi yawan mutane. Ka tambaya ko adireshin imel na makarantarku yana ba da Office na ɗalibai, don Microsoft tana da irin wannan tsari ga makarantun da suka yi rajista. Lissafin furojet kuma ka gwada jamovi ko PSPP, kyauta ne, ka fara nuna wa malaminka kafin ka yi nisa. Mai karatun kimiyyar kwamfuta ya raba rumbunsa biyu ya sa Linux a gefe, don mafi yawan manyan na'urorin da ke riƙe da intanet a kansa suke tafiya, can zai same shi a wurin aiki.

Malami, limami, ɗan jarida, ko uwargida mai sana'a a intanet, wanda aikinsa rubutu ne da burauza da kallo, kuma na'urarsa tsohuwa ce: Mint. Mako biyu na farko za ka yi ta neman inda abubuwa suke, bayan nan ka manta da maganar fomatin.

Mai shagon buga takardu da zane: kwamfutar da ke kawo kuɗi, wadda Corel da firinta ke kanta, a halatta ta ko da a hankali ne, Windows tukuna, sannan Office na saye sau ɗaya wanda ake kula da shi har 2029. Ka ware wata tsohuwa mai Mint a bakin ƙofa don karɓar filashin kwastomomi, ita za ta tare maka ƙazantar kafin ta kai ga babbar.

Makarantar boko ko Islamiyya mai ɗakin kwamfuta goma ko ashirin na gudummawa: Mint a kan duka, a tura malami ɗaya ya koya da kyau. Kuɗin lasisin da aka tsira da shi a sa a sola da fanka.

Ofis, asibiti, kamfani ko ƙungiya mai riƙe bayanan mutane ko kuɗinsu: lasisi na gaskiya daga dillalin da zai ba da rasit, a sa kuɗin cikin kasafi tun ranar sayen na'ura.

Wanda kuma yau aikinsa ya rataya a kan manhajar da ba shi da kuɗinta kuma bai sami madadinta ba: ban ce ya halatta ba, amma kafin ya sami mafita kada ya shiga banki daga wannan kwamfuta, kada ya adana kalmar sirri a burauzarta, kuma duk Juma'a ya kwafe muhimman fayilolinsa a filash, ya zare shi ya sa a aljihun wata rigar.